Naƙuda, Allura da Wuƙar Likita a Mahangar Cocin Katolika

A ranar 8 ga Janairun 1956 Fafaroma Piyus na 12 ya yi jawabi ga taron likitocin mata da haihuwa a fadar Batikan, inda ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci mabiya ɗariƙar Katolika tuwo a ƙwarya: shin ya halatta a koya wa mace hanyar da za ta haihu ba tare da ta sha azabar naƙuda ba? Abu biyu ne suka ƙara wa tambayar nauyi. Littafin Farawa sura 3 aya 16 ya ce Allah ya faɗa wa Hawwa'u cewa da wahala za ta riƙa haihuwa, kuma an daɗe ana samun masu ɗaukar ayar a matsayin hukuncin da bai kamata ɗan Adam ya yi yunƙurin kauce masa ba. Sannan dabarar da ake magana a kanta daga Tarayyar Sobiyet ta fito, ƙasar da gwamnatinta ba ta yarda akwai Allah ba. Likitocin can ne suka gina ta a kan binciken masanin kimiyyar Rasha Ivan Pavlov, suna cewa yawancin zafin naƙuda tsoro ne da aka cusa wa mata tun suna yara, kuma ana iya warware shi da ilimi da motsa jiki da sarrafa numfashi. Wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya gan ta da idonsa a ziyarar da ya kai can a 1951, ya dawo ya fara aiki da ita a asibitin ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa da ke Faris, 'yan kwaminisancin Faransa kuwa suka rungume ta suna tallata ta.

Amsar Fafaroman ba ta da ƙumbiya-ƙumbiya. Ya ce babu abin zargi a cikin dabarar ita kanta, kuma aƙidar wanda ya gano abu ba ita ke tabbatar da gaskiyar abin ko ta rushe shi ba, domin lissafin Pythagoras, masanin tsohuwar Girka, bai zama na maguzanci ba don mai shi bai san Kiristanci ba, haka ma binciken masana kimiyya Pasteur da Mendel bai zama na Kiristanci ba don su Kiristoci ne. Game da ayar kuwa, ya tunatar da masu sauraro cewa a wuri guda aka faɗa wa Adamu da gumin goshinsa zai ci abinci, amma babu wanda ya taɓa cewa haramun ne manomi ya nemi abin da zai sauƙaƙa masa noma. Saboda haka Allah bai hana iyaye mata neman abin da zai rage masu wahalar haihuwa ba. A Fabrairun 1957 ya ƙara bayani ga likitocin da ke sa majinyaci barci kafin tiyata, ya ce Kirista ba shi da wajibcin neman ciwo don ciwon kansa, kuma maganin kashe zafi halal ne. Da wannan aka rufe muhawarar da ta faro tun 1847, lokacin da James Young Simpson ya fara shaƙa wa masu naƙuda maganin barci a Edinbara har ya rubuta ƙasida yana kare kansa daga sukar masu addini, muhawarar da ta fara lafawa a Ingila bayan Sarauniya Biktoriya ta karɓi irin wannan magani a haihuwarta ta 1853.

Daga nan ake gane abin da mutane da yawa ke kuskurewa. Cocin Katolika bai fifita mace ta haihu da kanta a kan a taimaka mata da allura ko ruwan naƙuda ko tiyata ba, kuma babu wata koyarwa tasa da ta ce wadda ta haihu a gida ba magani ta fi wadda aka yi wa aiki lada. Ruɗanin ya samo asali ne daga matsayin cocin a kan hana ɗaukar ciki, inda ya haramta ƙwayoyi da roba ya yarda da lissafin kwanakin al'ada kawai, sai wasu suka zaci duk abin da hannun likita ya shiga cocin yana ƙyamarsa. Ma'aunin da malaman cocin ke amfani da shi daban ne: suna tambaya ne ko aikin likitan yana taimakon jiki ya cika abin da aka halicce shi domin sa, ko yana toshe shi da gangan. Tiyatar da ta fito da jariri a raye ta taimaki haihuwa ta kai ƙarshenta, don haka ba ta da matsala a wannan ma'auni.

Duk da haka akwai wani tunani mai ƙarfi a tsakanin Katolika da ke girmama juriya. Suna karanta Yohanna 16:21, inda aka ce mace tana baƙin ciki in lokacinta ya yi, amma da ta haihu sai farin ciki ya mantar da ita wahalar, kuma Fafaroma John Paul na 2 ya rubuta doguwar wasiƙa a 1984 a kan yadda mumini zai haɗa wahalarsa da ta Almasihu. Mace tana iya ƙin allura ta miƙa zafin naƙudarta a matsayin addu'a ga wani, cocin kuma yana yaba wannan, amma a matsayin nafila da mutum ya ɗora wa kansa, wadda miji ko fada (limamin coci) ko ungozoma ba su da ikon ɗora mata. Wani abin lura ga mai karatu Musulmi shi ne, al'adar Katolika ta daɗe tana cewa Maryamu ta haifi Yesu ba tare da zafi ba, alhali a Suratu Maryam an nuna naƙuda ta kai ta ga kututturen dabino tana fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Ke nan uwar da Katolika suka fi ɗaukaka ba ta zama hujjar wajabta shan wuya a wurinsu ba.

Matan Katolika da kansu sun taka rawa sosai wajen rage shisshigin asibiti a Amurka, a zamanin da ake sa mace barci ta farka ta tarar an riga an haifi ɗanta ba ta sani ba. Sistocin wata ƙungiyar likitocin mishan sun buɗe cibiyar haihuwa ta ungozomomi a Santa Fe a 1944, kuma a 1956 wasu iyaye mata bakwai, dukansu Katolika, suka kafa ƙungiyar La Leche League a kusa da Chicago domin dawo da shayar da nonon uwa. Hujjarsu ita ce ciki ba cuta ba ne, kuma mai naƙuda mutum ce da ya kamata a saurare ta.

Tarihin tiyata ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne ake fara ganin inda cocin ya kafe. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, idan kan jariri ya ƙi wucewa ta ƙugun uwa, tsaga ciki kusan hukuncin kisa ne a kanta, domin zubar jini da ruɓewar ciki suna kashe mafi yawan waɗanda aka yi wa. Abin da likitoci suka saba yi shi ne su huda kan jaririn su murƙushe shi su fito da shi, ko da yana da rai, domin uwar ta tsira. A 1884 ofishin Batikan mai kula da aƙida ya ce ba za a koyar da halaccin wannan aiki a makarantun Katolika ba, a 1889 kuma ya faɗaɗa hukuncin ga duk wani aikin da ke kashe ɗan tayi ko uwa kai-tsaye. Hukuncin ya zo daidai lokacin da tiyata ta fara zama abin da ake tsira daga gare shi, bayan Eduardo Porro a Italiya a 1876 da Max Sänger a Jamus a 1882 sun kawo hanyoyin tsayar da jini. Sakamakon haka likitocin Katolika suna cikin waɗanda suka fi matsawa a koma ga tiyata, tun da ita kaɗai ce hanyar da ta rage masu ta neman ceton rai biyu.

Wannan ya jawo wa cocin zargin da har yau bai rabu da shi ba, wato cewa ya fi son jariri a kan uwa. Bayan jawabin da Piyus na 12 ya yi wa ungozomomin Italiya a Oktoban 1951 jaridun Turai suka yi ta maimaita zargin, sai a watan Nuwamba ya fito ya ce cocin bai taɓa koyar da fifita ran ɗa a kan na uwa ba, wajibi ne a yi duk ƙoƙarin ceton su biyun, kuma idan uwa tana buƙatar aikin gaggawa wanda mutuwar ɗan tayi za ta biyo bayansa ba da nufi ba, aikin ya halatta. Ƙa'idar da ke bayan wannan magana tsohuwa ce, ana danganta tushenta ga malamin cocin nan na ƙarni na 13, Thomas Aquinas, kuma ta shafi aiki guda mai sakamako biyu, mai kyau da mummuna. Yana halatta idan aikin kansa ba mugu ba ne, ba mummunan sakamakon ake nufi ba, ba ta hanyarsa ake kai wa ga mai kyan ba, kuma dalilin ya kai girman asarar. Mace mai ciki da aka samu da sankarar mahaifa ana iya cire mata mahaifar ko da ɗan tayin ba zai rayu ba, domin cutar ake yaƙa.

A kan gadon asibiti ƙa'idar ba ta da sauƙin aiki kamar yadda take a littafi. Ɗauki cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa, wanda ba zai taɓa kai wa haihuwa ba kuma idan bututun ya fashe jini na iya kashe matar cikin sa'o'i. Tun bayan littafin wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit mai suna Lincoln Bouscaren a 1933, malaman cocin sun amince a yanke bututun da ya lalace a cire shi da abin da ke ciki. Amma yau likita yana da hanyoyi biyu da suka fi sauƙi: ya tsaga bututun ya cire cikin ya bar mata bututunta, ko ya yi mata allurar methotrexate wadda ke tsayar da girman cikin ba tare da wuƙa ba. Malaman sun rabu a kan waɗannan biyun, wasu suna ganin sun taɓa ɗan tayin kai-tsaye, wasu suna ganin ɓangaren da ke cin jikin bututun ake magancewa. Abin da ya dame ni a ra'ayin farko shi ne, ɗan tayin ba zai rayu ba ko ta wace hanya aka bi, amma matar ce za ta rasa wani sashe na jikinta da wani kaso na damar sake haihuwa domin a kiyaye siffar aikin.

Lamarin da ya fi fito da tsananin matsalar ya faru a birnin Phoenix na Amurka a Nuwamban 2009. Wata uwa mai 'ya'ya huɗu, da cikin mako 11, ta kamu da hawan jinin huhu mai tsanani har likitoci suka ce idan cikin ya ci gaba kusan tabbas za ta mutu, ɗan tayin kuma ya bi ta. Kwamitin ɗa'a na asibitin St. Joseph, wanda Sista Margaret McBride take ciki, ya amince a kawo ƙarshen cikin. Bishof Thomas Olmsted ya ce wannan zubar da ciki ne kai-tsaye, ya bayyana cewa sistar ta fitar da kanta daga tarayyar coci, a Disamban 2010 kuma ya janye wa asibitin sunan Katolika, ko da yake daga baya sistar ta koma cikin tarayyar. Akwai manyan masanan cocin, irin su Germain Grisez da Martin Rhonheimer, da suka yi rubutu cewa idan ɗan tayi ba shi da hanyar tsira ko kaɗan, ceton uwa ba zaɓen rai a kan rai ba ne. Maganar tana da muhimmanci a aikace, domin a Amurka kusan ɗaya cikin kowane majinyata bakwai a asibitin Katolika yake kwanciya, kuma kundin ƙa'idojin bishof-bishof na ƙasar ne ke jagorantar su. A bugunsa na 2018, kundin ya yarda a yi wa mai ciki maganin cuta mai tsanani da ba za a iya jinkirtawa ba ko da ɗan tayi zai mutu, ya kuma yarda a tayar da naƙuda bisa dalili mai ƙarfi bayan jariri ya kai matsayin rayuwa a waje.

Ana yawan kawo sunan Gianna Beretta Molla, likitar yara 'yar Italiya da aka gano tana da ƙari a mahaifa tana da ciki a 1961. Ta zaɓi a cire ƙarin kaɗai a bar cikin, aka yi mata tiyata ta haifi 'yarta a 21 ga Afrilun 1962, ta rasu mako guda bayan haka, kuma a 2004 aka ayyana ta cikin waliyyan coci. Abin da ake mantawa shi ne, da ta zaɓi a cire mahaifar gaba ɗaya, koyarwar cocin ba ta hana ta ba. An girmama ta ne saboda ta yi abin da ya wuce wajibi, don haka zalunci ne a ɗauki labarinta a tsorata wata mace da shi.

Wuri na biyu da cocin ya kafe shi ne ɗaure mahaifa domin hana haihuwa, wanda wasiƙar Fafaroma Paul na 6 ta 1968 ta sake jaddada haramcinsa. A nan ne tarihi ya bar tabo mafi muni, a ƙasar Ayalan. A tsakiyar ƙarni na 20 likitoci sun yi imani da cewa wadda aka taɓa yi wa tiyata sai dai a ci gaba da yi mata, kuma bayan uku ko huɗu mahaifar ba za ta ƙara ɗauka ba, daga nan sai maganar hana ɗaukar ciki ko ɗaure mahaifa ta taso, abubuwan da coci ya haramta, dokar ƙasar ta 1935 kuma a wancan lokacin ta hana sayar da kayan hana ɗaukar ciki. Domin kauce wa wannan hanya, wasu manyan likitoci a babban asibitin haihuwa na Dablin, musamman Alex Spain da Arthur Barry, suka farfaɗo da wani tsohon aiki da sauran ƙasashen Turai suka kusa dainawa: a yanka guringuntsin da ya haɗa ƙasusuwan ƙugu ta gaba, a saman mara, domin ƙugun ya buɗe jariri ya wuce, da fatan zai zauna a buɗe don haihuwar gaba. An ƙiyasta cewa mata kimanin 1,500 aka yi wa wannan aiki tsakanin 1944 da 1984. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da shaida sun ce ba a gaya masu abin da za a yi ba, wasu ma sai bayan shekaru masu yawa suka sani, bayan sun ƙare ƙuruciyarsu da ciwon baya da ɗingishi da kasa riƙe fitsari. A 2014 gwamnati ta kafa shirin biyan diyya na Yuro 50,000 zuwa 150,000, mata kimanin 400 suka karɓa.

Adalci ya sa a faɗi cewa babu wata takardar Batikan da ta umarci a yi wannan aiki, tiyata a shekarun 1940 ta fi ta yau haɗari nesa ba kusa ba, kuma har yanzu aikin yana iya ceton rai a inda naƙuda ta tsaya babu ɗakin tiyata kusa. Rahotannin da gwamnatin Ayalan ta sa aka rubuta ma sun saɓa a kan girman laifin. Sai dai abin da nake ganin ba ya karɓar musu shi ne, tsoron wani zunubi da mace za ta iya aikatawa bayan shekara goma ya shiga cikin shawarar da aka yanke a kan jikinta a daren naƙuda, kuma ba a tambaye ta ba. Wannan ya saɓa wa koyarwar cocin kansa, wadda Piyus na 12 ya bayyana tun 1952, cewa likita ba shi da wani iko a kan jikin majinyaci sai wanda majinyacin ya ba shi.

Batikan ya ci gaba da tace hukuncin. A 1993 ya ce idan mahaifa ta yage a wurin haihuwa jini ya ƙi tsayawa, cire ta halal ne ko da matar ba za ta sake haihuwa ba, amma ba a yarda a cire ta ko a ɗaure bututun ƙwai don kawai ana tsoron ciki na gaba ba. A wata amsa ta ƙarshen 2018 ya ƙara da cewa idan likitoci sun tabbatar mahaifar ta lalace har ba za ta iya riƙe ciki ya kai matsayin rayuwa ba, cire ta ba hana haihuwa ba ne. Wadda ta rage a tsaka mai wuya ita ce matar da aka yi wa aiki sau huɗu ko biyar, mahaifarta ta yi siriri amma tana iya ɗaukar ciki. A asibitin Katolika ba za a ɗaure mata ba ko da cikinta yana buɗe a kan teburin tiyata, sai dai ta dogara da lissafin kwanaki da haɗin kan mijinta, ko ta nemi wani asibitin a sake yanka ta.

A duniyar yau matsalar tiyata fuska biyu gare ta, kuma Katolika suna zaune a dukansu. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kashi 21 cikin 100 na haihuwa a duniya ta tiyata ake yi, a Latin Amurka kashi 43, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 5 kacal. A Burazil, ƙasar da ta fi kowace yawan Katolika, waɗanda ake yi wa aiki sun fi masu haihuwa da kansu yawa, kuma a can kiran da ya dace da koyarwar cocin shi ne a daina yanka mace don sauƙin jadawalin likita ko don kuɗi, tun da kowace tiyata tana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne a ciki na gaba.

A Najeriya lamarin akasin haka ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ake yi wa tiyata, kuma a ƙiyasin 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Talauci da nisan asibiti da rashin jini su ne manyan dalilai, amma akwai kuma fahimtar da ta yaɗu a tsakanin Kiristoci da yawa cewa mace mai bangaskiya za ta haihu kamar matan Ibraniyawa, bisa Fitowa 1:19, har wasu suna ganin a yi wa mace aiki alamar rauni ce ko ta rashin imani. Ayar kuwa maganar ungozomomi biyu ce, Shifra da Fuwa, suna kare kansu a gaban Fir'auna bayan sun ƙi kashe jarirai maza, ba alkawari ba ce ga kowace mai ciki. A koyarwar Katolika, tun jawabin Piyus na 12 na Nuwamban 1957, mutum yana da wajibcin karɓar maganin da aka saba yi wanda ke da fatan nasara kuma bai fi ƙarfinsa ba, kuma ga matar da ta kwana biyu tana doguwar naƙuda, tiyata tana cikin wannan rukuni. Cocin yana da tsohon hannu a wannan fage a ƙasar, domin bayan Batikan ya ɗage wa sistoci takunkumin aikin ungozoma da tiyata a 1936, a Fatakwal ne Mary Martin ta kafa ƙungiyar sistocin likitoci ta Medical Missionaries of Mary a 1937, kuma sistocinta sun shafe shekaru suna ɗinke matan da suka kamu da yoyon fitsari a Akwa Ibom. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Ko kuɗin ya samu, a gidaje da yawa miji ne ko surukai ke cewa a sa hannu ko kada a sa, kuma lokacin da fada ko katikis (mai koyar da addini a coci) zai yi masu wannan bayani shi ne tun matar tana zuwa awo, kafin ranar da likita zai fito da takardar amincewa yana cewa bugun zuciyar jariri ya fara sauka.